Ƙofar lifta ba zaure ba ce

Gine-gine masu tsawo suna ƙaruwa a garuruwanmu. A Njamena manyan otal-otal da bankuna da wasu ma'aikatu da lifta ake hawansu. A Garwa an gina sababbin masaukai, an gyara tsofaffi, lokacin da garin ya karɓi wasannin cin kofin Afirka a filin Roumdé Adjia a Janairun 2022. Ɗan kasuwar da ya hau jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde, ko ya zarce Duwala, da wuya ya gama zirga-zirgar takardunsa bai shiga lifta ba. Ga kuma alhazai. Dattijuwar da ba ta taɓa taka matakalar bene ba, jirgi ya ɗauke ta daga Garwa, kafin ta farga an ba ta ɗaki a hawa na 15 a Makka, an ce ga lifta nan, Hajiya, a yi ta hawa da sauka sau biyar a rana.

Ba rashin tarbiyya ke damunmu a bakin lifta ba. Tarbiyyar ce ma take yi mana yawa a inda bai kamata ba. Ladabin da muka gada an ɗora shi a kan wanda ke gabanka: ka gaishe shi har ka tambayi iyali da gajiya, ka ba shi hanya in ya girme ka, ka matsa masa ko wurin ya cika. Lifta kuwa kullum akwai mai haƙƙi a cikinta wanda ido bai ganin sa. Shi ne mutumin da ya danna maɓalli a hawa na shida yana jira, wataƙila tsoho ne mai ciwon gwiwa, wataƙila mace ce da goyo da ƙarin wani a hannu. A ganina duk ladabin lifta daga tunawa da wannan mutumin yake farawa, sauran kuma daga sanin yadda na'urar take aiki.

A lissafa. Yawancin liftocin gine-gine masu matsakaicin tsawo suna tafiyar mita 1 a sakan, kuma tsakanin hawa da hawa kusan mita 3 ne. Alhaji ya sa ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ya riƙe hannun abokinsa ana "ina gida, ina yara, ya kasuwa, ya muka ji da zafi", minti ɗaya ya wuce. A wannan mintin lifta za ta iya cin mita 60, wato tsawon hawa 20. Haka nan jayayyar "bismillah Malam", "a'a, ranka ya daɗe, kai ne gaba", "wallahi sai ka shiga". Abu ne mai kyau a ƙofar gida. A nan a yi shi sau ɗaya: ƙarami ya ce bismillah, babba ya shiga ba musu, shi ke nan. Wanda yake da magana da wani ya fito gaba ɗaya su gama, lifta ta tafi aikinta ta dawo.

Tun daga kiranta ake fara kuskure. Maɓalli biyu ne a bango, kibiya mai kallon sama da mai kallon ƙasa. Mutane da yawa suna ɗauka cewa suna gaya wa lifta inda za ta bi ta zo ne, sai wanda yake ƙasa ya ga tana hawa na bakwai ya danna kibiyar ƙasa, wai ta sauko. Kibiyar tana tambayar inda kai za ka. Za ka sama, danna ta sama, ko ina liftar take. Masu danna duka biyun don a yi sauri kuwa jinkiri suke jawowa, domin na'urar tana rubuta kira biyu: ta tsaya maka tana hawa, ta sake tsayawa tana sauka, ta buɗe ƙofa ba kowa, kuma kowace tsayawa da buɗewa da rufewa tana cin sakan goma ko fiye daga lokacin mutanen ciki. Da zarar fitilar maɓallin ta kama, kiran ya shiga. Dannawa sau ashirin ba ya ƙara mata gudu, maɓallin kawai yake lalatawa.

Idan ta iso, a tsaya gefe, na ciki su fito tukuna. Wannan ko gardama ba ya buƙata, wuri ba ya samuwa sai an bar shi. Kafin ka ɗaga ƙafa kuma ka dubi ƙasa. Abu biyu kake dubawa. Na farko, akwatin liftar, wato ɗakin da ake shiga, yana nan kuwa? Ƙofar waje tana da makulli da ba ya barin ta buɗe sai akwatin yana bayanta, amma makulli yana lalacewa, wani lokaci kuma mai gyara ne ya buɗe ta da hannu ya bar ta. A tsofaffin gine-gine masu ƙofar da ake ja da hannu, musamman in fitilar baranda ta mutu, mutum na iya jefa ƙafa a rami yana kallon waya. Na biyu, ƙasan akwatin ya yi daidai da daɓen bene? Lafiyayyar lifta ba ta wuce santimita 1 sama ko ƙasa. Wadda birkinta ya ci tana iya tsayawa da tazarar yatsa uku ko huɗu, kuma wannan ya isa ya kayar da dattijo. In ka ga haka ka faɗa da baki, "Baba, a ɗaga ƙafa", sannan ka sanar da masu ginin.

Batun wa zai fara shiga shi ne inda za a fi saɓa mini. Ni dai ina ganin buƙata ce gaba da muƙami. Marar lafiya a kan gado, mai keken guragu, mai sanda, mai ciki, mai goyo, tsoho, su ne farko, domin su ba su da wata hanya. Matashi lafiyayye da zai je hawa na ɗaya ko na biyu yana da matakala. Abin da ake gani a wasu ofisoshi, mai gadi ya tare ƙofa da jikinsa ko ya kulle lifta da makulli minti biyar don ana jiran wani babba ya gama sallama a mota, wannan fadanci ne, kuma da lokacin talakawa ake biyan sa. Za a ce girmama manya al'adarmu ce. Gaskiya ne, kuma babu wanda ya ce a ture lamiɗo ko limami a shige. In babba yana tsaye a wurin, a ba shi gaba. Amma in bai iso ba, a bar lifta ta yi zagayenta, kafin ya ƙaraso ta dawo. Babban da ya san girmansa ma ba zai so a ce an bar mai naƙuda a tsaye saboda shi ba.

Wajen fita kuwa tsarin girma ba ya aiki sam. Wanda ya fi kusa da ƙofa shi ne farkon fita, ko yaro ne. In ba hawanka ba ne amma ka tare hanya, ka fita ka tsaya gefe, na baya su wuce, ka koma. Ƙoƙarin manne wa bango don Alhaji ya fara fita daga can ƙurya ba ya haifar da komai sai taka ƙafa da goge riga.

A asibiti abin ya fi tsanani. Liftar gado an yi ta da zurfi, irin mai ɗaukar kilo 1,600 tana kai mita 2.4 a tsawo, don gado da ma'aikata biyu ko uku da tukunyar iska su shiga tare. Mu kuma dubiya muke zuwa a ayari, mutum goma da kulolin abinci da tabarma. In an turo gado, ayarin ya fita gaba ɗaya, ko da shi ya riga shiga. Madubin da ke bangon baya, wanda ake tsayawa gyaran hula da ɗankwali a gabansa, babban amfaninsa shi ne mai keken guragu ya ga abin da ke bayansa lokacin da zai fita da baya, domin ƙaramar lifta ba ta ba shi wurin juyawa. Kada a tare masa shi. Makaho kuma a tambaye shi hawan da za shi a danna masa, a gaya masa in an iso, ba a ja hannunsa ba tare da an yi magana ba.

Yanzu ga nauyi. A cikin kowace lifta akwai ɗan allo da aka rubuta lamba biyu, misali kilo 630, mutum 8, ko kilo 450, mutum 6, ko kilo 1,000, mutum 13. Ƙa'idar Turai, wadda galibin liftocin da ake kawo mana suke bi, tana lissafa kowane mutum a kilo 75. Lambar kilo ce hukunci, ta mutane kiyasi ce. Maza shida da buhun shinkafa biyu masu kilo 50 sun kai kilo 550 a wannan lissafi, saura mutum ɗaya ke nan a liftar mutum takwas, in ma duk ba masu jiki ba ne. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. A tasha mun saba da "a matsa, akwai wurin mutum ɗaya", kuma direba yana jan motar haka. Lifta tana da ma'auni a ƙarƙashinta ko a jikin igiyoyinta, in nauyi ya zarce ƙa'ida da kashi 10 cikin 100 sai ta yi ƙara ta ƙi rufe ƙofa. A nan ne ake kallon-kallo, kowa ya kafe yana jiran wani. Wanda ya shiga ƙarshe shi ke fita. In dattijo ne, saurayi ya yi maza ya fita a madadinsa, wannan shi ne wurin da girmama manya yake da amfani na gaske. Abin tsoro shi ne liftar da ma'auninta ya lalace ba a gyara ba. Ita ba za ta yi ƙara ba, za ta ɗauka, sannan ta zarce hawa ko ta tsaya a tsakiya. Don haka shirun lifta ba izini ba ne, a ƙirga kai.

Ƙofa ita ce wurin da ya fi cancantar a daɗe a kai, domin masu gyara sun san mafi yawan lalacewar lifta daga nan take farawa. Ƙofofi biyu ne a haɗe: ta ciki, mai inji, da ta waje, wadda ta cikin ke kamawa ta ja. Tsakaninsu akwai idon lantarki, mai hana ƙofa rufewa a kan mutum. A sababbi layuka ne da yawa daga ƙasa zuwa sama da tsayin mutum, a tsofaffi ido ɗaya ne ko biyu, ko kuma wani ƙarfe a gefen ƙofar da sai ya taɓa ka take komawa. Mai zura hannu a ƙarshen rufewa yana caca ne, domin yatsunsa na iya tsayawa a bakin ƙofar waje ba su kai inda idon yake ba, kuma a santimita biyun ƙarshe idon ma ba lallai ya yi aiki ba. An ƙayyade ƙarfin ƙofar kada ya wuce kusan nauyin kilo 15, wanda ba zai karya hannun babba ba, amma yatsan yaro ba na babba ba ne. Hanyar riƙe wa mutum ƙofa ita ce maɓallin da ke da kibiyoyi biyu masu kallon waje, kuma aikin wanda ya fi kusa da allon ne, kamar yadda tambayar "hawa na nawa?" take aikinsa. A riƙe wa wanda ya kusa, taku biyar ko shida. Wanda yake can bakin get yana ɗaga hannu ya jira zagaye na gaba.

Masu tare ƙofa da buhu ko kujera don su kwashe kaya su sani cewa bayan ɗan lokaci na'urar tana fara rufewa a hankali tana ƙara, wasu liftocin kuma suna ɗaukar abin a matsayin matsala su daina aiki, sai mai gyara ya zo. Dukan ƙofa da kaya yana karkatar da ita daga kan tayoyinta, makullin ya daina haɗuwa daidai, kuma lifta ba ta motsi muddin ba ta ji an kulle kowace ƙofa ba. Mai kaya da yawa ya tara su a bakin ƙofa tukuna, sannan ya kira, ko ya nemi masu ginin su ba shi lokaci da makulli.

Akwai wata matsala da ta fi shafar mu saboda suturarmu. Idon lantarki yana ganin hannu da ƙafa, amma bakin laffaya, ko gefen mayafi, ko jelar rawani, ko hannun babbar riga, sun yi sirantar da ƙofa za ta rufe a kansu ta ɗauka ta rufu lafiya. Lifta ta tashi, ƙyalle yana waje, mai shi yana ciki. In an yi sa'a ya yage. In yana naɗe a wuya kuwa, Allah ya kiyaye. A tattare sutura a hannu kafin a ƙetare, a matsa daga bakin ƙofa, kuma wanda ya ga mayafin wata yana ja a ƙasa ya faɗa mata nan take, kunya ba ta da wuri a nan. Yara ƙanana a riƙe hannunsu, kada su jingina tafin hannu a jikin ƙofa, domin in ta buɗe tana jan yatsu zuwa cikin tsagar bango. Tsalle a ciki kuma yana iya sa birkin gaggawa ya kama, a maƙale a banza.

A ƙasan ƙofa akwai ɗan kwari da take gudu a ciki. Ƙurar hunturu kaɗai ta ishe shi aiki, balle a ƙara masa ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, tsinken sakace da tukar goro. Ƙwallon dabino guda yana hana ƙofa rufewa, ya tsayar da liftar bene mai hawa goma. Tsagar da ke tsakanin akwatin da daɓe kuma, kusan santimita 3, ta isa ta haɗiye makulli ko waya, kuma abin da ya faɗa sai mai gyara ya kashe lifta ya sauka ramin.

Zaman ciki ba shi da wuya. Sallama ɗaya ta wadatar, ba sai an bi kowa da musabaha ba. Mai zuwa hawa na ƙarshe ya shige ƙurya, a juyo ana kallon ƙofa, jakar baya a sauke ta ƙasa. Waya a rage murya ko a ce "zan kira ka", saƙon murya na WhatsApp ya jira. Sigari babu, tari a cikin gwiwar hannu. Namijin da ya tarar da mace ita kaɗai, in ya ga alamar ba ta sake ba, ya bar ta ta tafi, jiran minti ɗaya ne. In ita ce ta ƙi shiga don shi kaɗai ne a ciki, ba zagi ba ne. A cunkoso a bar wa mata gefe guda. Amma kada wannan ya zama hujjar da maza za su cika lifta zagaye uku a jere mata suna tsaye, kamar yadda ake yi a masaukan alhazai bayan an idar da salla. Can ma akwai masu dabarar shiga mai hawa alhali sauka za su yi, don su kama wuri, sai ta iso wa na sama a cike. Ƙwace ne, ko da an yi shi da carbi a hannu.

Sai babbar fargabar kowa, ɗaukewar wuta, wadda a wurinmu ba baƙuwa ba ce. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo mai megawat 72, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya ana ji a jiki. Njamena ma ta san nata. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne lifta ba ta faɗowa don an ɗauke wuta. Birkinta a matse yake da ƙarfin sifirin, wutar ce ke buɗe shi, saboda haka wuta na tafiya yake damƙewa. Igiyoyin ƙarfen da ke riƙe da akwatin suna da yawa, kuma an yi su da ƙarfin da ya ninka nauyin da suke ɗauka sau goma sha biyu. In ma gudu ya wuce ƙa'ida, akwai wani birkin da ke cafke dogayen ƙarafan da akwatin ke bi. Asalin wannan dabara ita ce wadda Elisha Otis ya nuna a New York a 1854, ya hau dandamali ya sa aka yanke igiya, bai faɗo ba. Iska kuma ba ta ƙarewa, akwai kafofinta a sama da ƙasan akwatin.

Abin da ke wahalarwa shi ne zafi, musamman a Maris zuwa Mayu da ma'auni ke wuce 40, da kuma firgici. A danna maɓallin ƙararrawa mai ruwan ɗorawa a riƙe shi 'yan sakanni, a kira lambar da ke jikin allo, a cire babbar riga, a bar tsoho da mai ciki su zauna, a yi fifita, a bar ihu. Wasu liftoci suna da batir da ke kai su hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa. Wasu sai janareta ya tashi, kuma in wutar ta dawo suna iya tafiya a hankali zuwa can ƙasa ko can sama don su gane inda suke, wannan ba lalacewa ba ce.

Hatsarin gaske yana wajen masu taimako. Jama'a sun taru, an kawo ƙarfe an ɓalle ƙofa, ko mai gadi ya ɗauko ɗan makullin nan mai kusurwa uku ya buɗe, akwatin yana tsakanin hawa biyu, ana cewa "miƙo hannu, diro". Wanda ya zuro ƙafa ya diro daga akwatin da ya tsaya sama da daɓe, jikinsa yana komawa baya ne, kuma a ƙarƙashin akwatin rami ne buɗe. Farantin da aka sa don tare wannan wuri santimita 75 ne kawai. Sannan in janareta ya tashi mutum yana rabi ciki rabi waje, lifta na iya motsawa. Shi ya sa mai gyara yake fara kashe babban makunnin wutar lifta, ya kawo akwatin daidai da hawa, sannan ya buɗe. Aikin na waje shi ne ya tsaya a bakin ƙofa yana magana da na ciki, ya tambayi ko akwai marar lafiya, ya kira mai gyara. In akwai wanda ya suma ko numfashinsa ya sarƙe, a kira 'yan kwana-kwana, 118 a Kamaru, 18 a Chadi. In gobara ce kuwa, ko ƙanƙanuwa, matakala kawai, domin ramin lifta yana zuƙar hayaƙi zuwa sama kuma wuta na iya yankewa kana ciki. Haka in ruwan damina ya shiga ƙasan gini, a bar lifta sai an duba ramin.

Masu gine-gine su ma akwai nasu ladabin, kuma ya fi namu nauyi. A Faransa doka ta wajabta mai gyara ya ziyarci kowace lifta duk mako shida, a kuma yi mata cikakken bincike duk shekara biyar. Mu da muke da ƙura da zafi da wutar da ke rawa mun fi su buƙatar haka, ga shi kayan gyara sau da yawa sai an yi odarsu daga Duwala, fiye da kilomita 1,000 daga Garwa, ko daga waje. Wanda ya iya kashe miliyoyin sefa ya sa lifta, ya iya biyan kwangilar kula da ita, ya sa batirin ceto, ya tura masu gadinsa biyu a koya musu yadda ake kashe wuta da fitar da mutane. Allon gargaɗin da aka rubuta da Faransanci kaɗai bai isa ba a garin da ake jin Fulatanci da Hausa da Larabci, a yi shi da zane. A liƙa bayanin cewa RC ko 0 shi ne ƙasa, SS ko -1 ƙarƙashin ƙasa, domin baƙi da yawa suna danna 1 suna zaton waje za su fita. Lambar mai gyara ta kasance a ciki da wajen kowace ƙofa, kuma ta zama lambar da ake ɗagawa da ƙarfe biyun dare. Liftar da ta lalace a kulle ƙofofinta a kowane hawa, a sa shinge, ba takarda da salatif ba.